Kafin Ka Danna: Yadda Ake Sabunta Manhajar Allon Motar Lantarki a Legas

Wannan bayani na rubuta shi ne domin 'yan'uwana direbobi masu tuƙa manyan motocin lantarki a gidajen Ikoyi, Victoria Island, Banana Island da Lekki, da kuma iyayen gidansu in sun samu sararin karantawa. Sana'ata ta asali gyaran waya ce a Computer Village da ke Ikeja. Da motoci suka fara zuwa da allon da ya fi na kwamfuta girma, sai direbobi 'yan unguwarmu ta Agege suka riƙa kirana in duba musu, har aikin motar ya rinjayi na wayar. Kiran da ya fi yawa kuwa kusan iri ɗaya ne: "Malam, wani abu ya fito a allo, wai akwai sabuwar manhaja. In danna?"

Amsata ita ce za ka danna, amma ba yanzu ba, ba kuma a inda kake tsaye ba.

Dalili shi ne allon nan ba rediyo ba ne. A Tesla Model 3 a jikinsa kake ganin gudun da kake yi, da shi kake saita madubi, da shi kake sarrafa esi, hatta akwatin ajiyar takardu na gaban fasinja daga nan ake buɗe shi. A Mercedes EQS mai Hyperscreen, gilashi ɗaya ne mai faɗin santimita 141 ya rufe alluna uku daga ƙofa zuwa ƙofa. Idan allo ya mutu a irin waɗannan motoci, rabin motar ne ya tafi. Sannan sabuwar manhaja in ta hau ta hau kenan, direba ba shi da hanyar mayar da tsohuwar. Wanda yake Landan ko Dubai in abu ya lalace masa kamfani zai kira. Mu a nan Tesla ba shi da wurin gyara a Najeriya, haka Lucid, haka Rivian, waɗanda su ma kamfanonin motar lantarki ne na Amurka. A watan Nuwamban 2023 kamfanin Rivian ya saki manhaja mai lamba 2023.42 da kuskure a cikinta, allunan wasu motoci suka ɗauke, kamfanin ya fito ya amsa laifinsa ya gyara. Waɗancan suna Amurka, kusa da masu motar. Ka ƙaddara a ce a Ajah abin ya same ka.

Duk da haka ban goyi bayan masu cewa kada a taɓa dannawa har abada ba. Akwai wani dattijon direba da nake girmamawa da kullum yake ce mini, "Yaro, abin da yake aiki a bar shi." A motar fetur ta da, maganarsa dutse ce. A wannan kuwa gyare-gyaren tsaro ta nan suke shigowa. A Disamban 2023 Tesla ya yi kiranyen motoci kusan miliyan biyu a Amurka, wato ya sanar cewa suna da matsalar da dole a gyara, kan tsarin Autopilot mai taya direba tuƙi, kuma gyaran ta intanet aka tura shi, ba wanda ya kai mota gareji. Masu Lucid Air ma Apple CarPlay, tsarin da ke nuna manhajojin iPhone a allon mota, bai zo musu daga masana'anta ba, a 2023 ya iso musu cikin sabuwar manhaja. Wanda ya ƙi sabuntawa shekara biyu, yana iya wayar gari manhajar wayarsa ta daina jituwa da motar.

Fara da sanin asalin motar

Kafin komai ka san wace ƙasa aka yi wa motar, domin shi zai gaya maka ta wace ƙofa manhaja za ta shigo. Duba lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Wadda ta fara da W galibi ƙirar Jamus ce, mai L ƙirar China, amma ba duk ƙirar Jamus ce ke farawa da W ba. Tesla ƙirar Amurka tana farawa da 5YJ ko 7SA, ta Shanghai da LRW, ta Berlin da XP7. Sai dai lambar inda aka ƙera motar take nunawa, ba inda aka sayar da ita ba. Don haka ka ƙara da duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, da bakin cajinta, da takardun kwastam.

Motocin da nake gani a Legas kashi uku ne. Akwai waɗanda aka saya sababbi a hannun dillalin kamfani, kamar BMW daga Coscharis, Mercedes daga Weststar, ko Taycan daga Porsche Centre da ke Victoria Island. Mai irin wannan ya huta: ya kira su ya tambaya ko motarsa tana karɓar manhaja ta intanet a Najeriya, ko kuwa sai an kai musu sun jona mata kwamfuta. Kada ka yi mamaki in suka ce a kawo. Babbar sabuntawar da Porsche ya yi wa Taycan a 2022, ko a Turai sai da aka kai motocin gareji.

Kashi na biyu tokumbo ne daga Amurka, Kanada ko Turai, su ne suka fi yawa. Akwai layin waya a cikin cikinsu, amma na ƙasar da aka sayar da su ne, kuma galibi da sun sauka a tashar jirgin ruwa ta Tin Can layin ya zama kurma. Irin waɗannan Wi-Fi ne kaɗai hanyarsu. Wasu abubuwan kuma ko ka sabunta sau nawa ba za su yi aiki a nan ba: rediyon SiriusXM na Arewacin Amurka ne, taswirar jagora da ke ajiye a cikin motar ita ma ta can ce. Na sha ganin maigida ya sa an sabunta mota yana jiran ta fara nuna masa hanyar Oshodi, da ba ta nuna ba ya ce direba ne bai iya ba. Ka gaya masa tun kafin a fara.

Kashi na uku motocin da aka yi wa kasuwar cikin China ne, irin su Zeekr, Li Auto, Avatr da manyan BYD da 'yan kasuwa ke shigowa da su da kansu. A nan ka taka a hankali ƙwarai. Da yawansu allonsu da Sinanci yake zuwa, sai wani a can ko a nan ya yi masa dabara ya sa Turanci, ya cusa Google Maps da YouTube. Wannan dabara ba ta kamfani ba ce. Idan manhajar kamfani ta hau kanta tana iya share ta, ka tashi da safe ka tarar da allo ya koma rubutun da ba mai iya karantawa a gidan. Dokata a kan irin wannan mota: ba a danna komai sai an kira wanda ya sayar da ita, an tambaye shi wa ya juya harshen, kuma zai iya sake juyawa in ya goge. In ya fara kame-kame, a bar manhajar yadda take.

Asusun wa ke riƙe da motar?

Kowace irin wannan mota tana ɗaure da asusun mutum ɗaya a wurin kamfani: manhajar Tesla, My BMW, ta Mercedes-Benz da sauransu. Motar gwanjo sau da yawa tana isowa tana kan sunan Baturen da ya yi haɗari da ita. Muddin ba a cire shi ba, kuma motar ta samu intanet, yana iya ganin inda take a wayarsa, ya buɗe ƙofa, ya danna oda. Ba tatsuniya ba ce, haka aka gina manhajar. A Tesla ana neman a mayar da mota kan sunan sabon mai ita daga cikin manhajar waya, a tura shaidar mallaka da katin shaida. Motocin China kuma da yawa babban asusunsu na ɗaure da lambar wayar China, wadda ke hannun wani da ba ka taɓa gani ba.

Wannan aikin maigida ne, ba naka ba. Kuma shawarata gare ka ɗan'uwa, kada ka yarda a buɗe asusun da lambarka ko imel ɗinka don a huta. Ranar da aiki ya ƙare tsakaninku, rigima ce za ta biyo ka har gida. A buɗe da sunan mai mota, shi kuma ya ƙara ka a matsayin direba.

Saukewa daban, ɗorawa daban

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Aikin hawa biyu ne. Da farko mota tana sauko da manhajar daga intanet ta ajiye, a lokacin kana iya tuƙinka, in intanet ya yanke ta dakata, in ya dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Babu haɗari a nan. Hawa na biyu shi ne ɗorawa, lokacin da motar ke rubuta sabuwar manhajar a ƙwaƙwalwarta. Shi wannan ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar wutar NEPA, da batirin motar ake yinsa, amma shi ne ba a katsewa. Kamar aski ne, in wanzami ya kai rabin kai ba a tashi.

A Tesla ka shiga Controls, ka taɓa Software. Za ka ga lambar manhajar da ke kai, wadda ke farawa da shekara sannan makon da aka fitar da ita, misali 2024.44 na nufin mako na 44 na shekarar 2024. Ɗauki hoton wannan shafi da wayarka. A nan kuma akwai zaɓi tsakanin Standard da Advanced. Advanced na sa motar ta karɓi sabuwar manhaja da wuri. Ni a Legas Standard nake sa wa kowa. Bari waɗanda ke da garejin kamfani a bayan gidansu su fara ɗanɗanawa, in akwai ɗaci mu ji labari. Kibiya ruwan ɗorawa a saman allo tana nufin akwai manhaja amma babu Wi-Fi, koriya tana nufin ana saukewa, alamar agogo kuma tana nufin an gama, saura ɗorawa.

A BMW irin su iX, i4 da i7, ka nemi Remote Software Upgrade a cikin System settings. Lambarsu wata da shekara ce, kamar 07/2023. BMW na da wata hanya mai kyau: ana iya sauke manhajar a waya ta My BMW, sannan wayar ta miƙa wa motar yayin da kuke tafiya. Sai dai wannan na bukatar asusun ya yi daidai da ƙasar motar, shi ya sa na fara da maganar asusu.

Game da Wi-Fi, matsalar gidajen masu kuɗi ita ce na'urar tana falon sama, motar tana ƙasa bayan katanga uku. Tesla na son sigina ya kai sanda uku aƙalla. In bai kai ba kada ka wahalar da kanka, ɗauko ƙaramar na'urar MTN ko Airtel ko Spectranet ka ajiye a kujerar baya, ko ka kunna rabon intanet na wayarka. Gidan da ke da Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ko waya ta ƙarƙashin ƙasa irin ta ipNX, sai a ja ƙaramar na'urar ƙara siginar Wi-Fi zuwa wurin fakin a huta gaba ɗaya. Wi-Fi na otal da na manyan kantuna, wanda sai ka buɗe shafi ka rubuta lambar ɗaki, yawanci mota ba ta iya shiga. Tsofaffin Model S da Model X na kafin 2018 kuma Wi-Fi mai zangon 2.4GHz kawai suke gani, in na'urarka tana kan zangon 5GHz kaɗai ba za su same ta ba.

Data fa? Abin da na saba gani daga 'yan ɗaruruwan megabait ne zuwa gigabait biyu, taswira kuma ta fi haka nauyi. Ka tanadi gigabait biyar ka samu natsuwa. Kuma kuɗin datar na gida ne. Ka faɗa tun farko cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, motar na neman data, a sa mini ko a ba ni na'urar gida." Na san direbobin da ke ƙona datarsu ta wata guda a kan motar miliyan ɗari saboda kunya.

Wani ƙaramin abu: in an ɗauke wuta aka koma janareta, na'urar Wi-Fi tana mutuwa ta sake tashi, wani lokaci motar ba ta komawa kanta da kanta. In ka ga saukewa ta tsaya wuri ɗaya tun jiya, duba nan tukuna kafin ka kira ni.

Ƙaramin batir

Wannan shi ne abin da ya fi kawo mini aiki, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Motar lantarki batir biyu gare ta. Akwai babba da ke ƙarƙashinta mai juya tayoyi, akwai kuma ƙarami mai bolt 12 irin na kowace mota, wanda ke riƙe da kwamfutoci, allo, makullan ƙofa da fitilu. Sababbin Tesla sun koma ƙaramin batirin lithium, amma yawancin motocin da ke yawo a Legas har yanzu mai bolt 12 ne a cikinsu. Allo zai iya nuna maka caji kashi 90 alhali ƙaramin yana gargara.

Ka tuna tafiyar da tokumbo ta yi: ta zauna a filin gwanjo, ta yi makonni a jirgin ruwa, ta zauna a tashar jirgi ana jiran takardu, sannan ta shigo zafin Legas, wanda ke cin batir fiye da sanyi. A lokacin ɗorawa kwamfutocin motar suna mutuwa suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai ɗan lokacin da nauyin kan koma kan ƙaramin batirin. In ya faɗi a tsakiyar rubutu, kwamfutar da ake rubutawa na iya tsayawa ba tsohuwa ba sabuwa. Shi ya sa a garejin kamfani, kafin su jona kwamfutar gyara, irin su ISTA ta BMW ko XENTRY ta Mercedes ko PIWIS ta Porsche, sai sun fara maƙala wa motar na'urar da ke riƙe wuta daram.

Saboda haka in motar ta taɓa nuna gargaɗin ƙaramin batir, ko allo na jinkirin tashi da safe, ko batirin ya haura shekara uku ba a canza ba, a sa mai wayarin ya auna shi da mita tukuna. In za a canza, a sa irin wanda ya fito da ita, kada a je kasuwar kayan mota ta Ladipo a ɗauko duk wanda ya shiga ramin. Babban batirin kuma ni ba na farawa sai ya haura rabi. Kamfanoni suna yarda da ƙasa da haka, amma in abu ya tsaya ana neman mai gyara kwana biyu, cajin nan za ka gode masa.

Wuri da lokaci

Da ka danna, motar ba za ta motsa ba har ta gama. BMW kan ce kimanin minti 20, Tesla kusan rabin awa, wani lokaci abin ya zarce. To ka dubi rayuwar Legas ka zaɓi wuri.

Kada ka yi a bakin titi, ko kana jiran Hajiya ta fito daga kasuwa ko Alhaji ya fito daga taro. 'Yan LASTMA ba za su saurari bayanin cewa mota na karatu ba, kuma motar lantarki ba a janta da igiya, sai dai a ɗora ta a bayan babbar mota. Kada ka yi a inda ka tare wa wani hanya. A gidajen haya masu hawa inda ake jera motoci ɗaya bayan ɗaya, maƙwabci na iya ƙwanƙwasa ƙofa a kowane lokaci ya ce a matsar. Ka shigar da ita can ƙurya inda ba mai bukatar ta gusa. Da damina, musamman Yuni da Yuli, in gidan yana Lekki ko wani wurin da ruwa ke kwanciya, ka dubi sama kafin ka fara. In hadari ya haɗo a bari sai gobe, domin ranar da ruwa ya fara shigowa harabar gida kana son motar da za ka iya hawa da ita tudu nan take. A sami wuri mai shimfiɗe kuma. BMW kan ƙi fara ɗorawa in ta ji tana kan gangara sosai, kuma hanyar shiga wasu gidajen a tsaye take saboda gudun ambaliya. In da rana ne a nemi inuwa.

Lokacin da na fi so shi ne bayan sallar isha'i, daren Litinin ko Talata. Mota ta gama aikin yini, akwai wanda idonsa biyu yana lura, kuma in wani abu ya faru gobe duk masu gyara suna buɗe. Daren Asabar bai yi ba, don Lahadi ba za ka samu kowa ba. Daren da za a kai maigida filin jirgin Murtala Muhammed da asuba bai yi ba, haka safiyar Juma'a, haka jajibirin sallah ko ranar biki. Motar na ba da damar a saita ta ta yi aikin da kanta da tsakar dare. A ƙasashensu hakan daidai ne. Ni ban so, saboda in ta maƙale ba wanda zai sani sai an fito kai yara makaranta.

Sannan ka nemi izini. Motar ba taka ba ce, kuma bayan sabuntawa abubuwa na iya sauya wuri. "Yallaɓai, mota ta nemi a sabunta mata manhaja. In ka amince zan yi yau bayan isha'i, za ta yi kamar awa ɗaya ba ta motsi. Akwai inda za a je da dare?" Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci.

Ɗorawar kanta

Karanta bayanin da ya zo da manhajar in motar ta nuna shi, in Turancin ya yi nauyi ɗauki hoto ka tura wa wanda zai fassara maka. Ɗauki hotunan saitin da maigida ya saba da su: kujera, madubi, iyakar caji, tashoshin rediyo. Fitar da duk abin da za a bukata daga cikin motar, jaka, takardu, makullin gida, maganin Hajiya. Zare duk wani abin da aka soka mata wanda ba nata ba ne, musamman ƙananan na'urorin da ake cusawa don ƙara CarPlay ko buɗe wasu abubuwa. In an sa mata na'urar bin sawu, a tambayi wanda ya sa ko tana jan wuta daga ƙaramin batir.

Tesla kan tsayar da caji da kanta in ta fara ɗorawa, ta ci gaba in ta gama. Duk da haka ni zare wayar cajin nake yi gaba ɗaya, saboda wutarmu tana rawa, ga sauyi tsakanin ta Eko Disco da janareta da inbata. Ba na son komai ya taɓa motar a wannan rabin awar. A Tesla ka tabbatar Dog Mode, Camp Mode da Keep Climate On, wato saitin da ke barin esi a kunne mota na tsaye, duk a kashe suke, in ba haka ba ba za ta fara ba.

Sa ta a P, rufe gilasai, danna, ka fito, ka rufe ƙofa. Riƙe katin makulli ko makullin hannu a aljihunka, kada ka dogara da makullin waya kaɗai, kada kuma ka bar katin a ciki. Daga nan sai haƙuri. Za ka ji ƙarar ƙwas-ƙwas daga ƙasa, fitilu su yi walƙiya, fanka ta tashi ta mutu, allo ya yi baƙi. Duk lafiya ne. Kada ka buɗe ƙofa don leƙawa. Ƙofofin da gilashinsu ba shi da firam, gilashin kan ɗan sauka kafin ƙofa ta buɗe, in kwamfutar da ke sauke shi tana barci a lokacin sai ka ji ya goge ƙarfen sama. Ka gaya wa maigadi da yaran gida su ma. Kuma ba ranar wankin mota ba ce.

Bayan ta gama

Kada ka tafi kwanciya don ka ga allo ya dawo. Duba lambar manhaja ka gwada da hoton da ka ɗauka. Kunna esi, sa ribas ka ga kyamarar baya, gwada sigina, oda, goge-gilashi, gilasai huɗu, madubai. Duba ko wayar maigida da ta Hajiya suna haɗuwa da motar, in sun ƙi a goge haɗin a ɓangarorin biyu a sake. Mayar da wayar caji ka ga ta karɓa, ka duba iyakar caji da ƙarfin wutar da aka saita, don gidan da ke caji da janareta ko sola in ƙarfin ya koma sama zai iya kayar da wutar gidan duka. Sannan ka zaga unguwa a hankali ka taka burki sau biyu uku.

Ka ɗauki minti goma ka nemo inda maɓallai suka koma. A ƙarshen 2021 da Tesla ya fitar da tsarin allo na 11, abubuwan da ke fili kamar na share raɓar gilashi sun shige cikin wani shafi, masu motoci suka yi ta ƙorafi har aka gyara daga baya. Gara ka nemo su a harabar gida da ka neme su a kan gadar Third Mainland ana tsuga ruwa.

In ta maƙale

Sauri ya haifi nawa. In awa ɗaya ta wuce ba ta gama ba, ƙara mata wata, ko biyu. Sau da yawa tana kammalawa da kanta. In ta rubuta cewa ɗorawa ba ta yi nasara ba amma motar na tafiya, ba abin tashin hankali ba ne, yawanci tana nan kan tsohuwar manhajar, za ta sake nema daga baya. Kafin a sake gwadawa a auna ƙaramin batir.

In an gama amma allon Tesla ya daskare, motar na kan P, danna ƙananan tayoyin nan biyu na jikin sitiyari tare ka riƙe har allon ya yi baƙi, ka saki, ka jira alamar kamfanin ta fito. A BMW maɓallin ƙarar rediyo ake dannewa a riƙe kamar daƙiƙa 30. Wannan ba ya goge komai. Amma bayan an gama ɗorawa ake yinsa, ba a tsakiya ba.

Abin da nake roƙonka kada ka bari a yi shi ne cire kan batir. Shi ne maganin farko da makanikin unguwa zai kawo, kuma a Corolla yana aiki. A nan in kwamfuta na tsakiyar rubutu, cire batir ne zai ƙarasa ta. Wayoyi masu launin lemo kuma na babban batir ne, wutar cikinsu ta kai bolt 400, a Taycan 800, tana kisa. Ba a kuma yarda da wanda ya zo da filas ya ce yana da manhajar da ya sauko daga wani shafi.

Mai tsohuwar Model S ta 2012 zuwa farkon 2018, ko Model X ta 2016 zuwa farkon 2018, ya san wannan: allonsu na da ƙaramin ma'ajin gigabait 8 da ke gajiya da yawan rubutu, har Tesla ya yi kiranyen kusan motoci 135,000 a kansa a 2021. In allon irin wannan mota yana yawan mutuwa yana tashi, ko yana nauyi, kada a ɗora masa sabuwar manhaja sai an bincika ko an canza ma'ajin. Ana iya sa lambar shasi a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, a ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba.

Idan ta kai ga kiran mai gyara, tura masa abu huɗu kafin ya taso: hoton lambar shasi, hoton lambar manhajar da ke kai kafin a fara, hoton saƙon da allo ya nuna, da ƙarfe nawa aka danna. Da waɗannan zai san ko kwamfuta zai ɗauko ko batir, ba sai ya ratso cunkoson Ikorodu Road ya zo ya koma ɗauko kaya ba.